Tasha Ɗaya Ka Rubuta Mini, Malam Abdulgani

Ranar Litinin, 14 ga watan Yuli, 2025, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Dakta Abdulgani Kalilu Ringim a wani asibiti a nan Kuala Lumpur, yana da shekara arba'in da shida. Na Allah ne mu, wurinSa kuma za mu koma, shi dai ya riga mu tafiya. An yi masa sutura bayan la'asar a ranar. Ya bar matarsa Murja, da 'ya'ya mata biyu, Ihsan da Ulfa, da mahaifiyarsa a Ringim. Waɗanda suka sanar da rasuwar a zauren 'yan Najeriya sun rubuta wai gajeriyar rashin lafiya ce. Na san don su rufa mini asiri suka faɗi haka, na kuma gode, amma mamacin ba zai yarda a rubuta abin da bai faru ba. Ƙwallon besbol ne ya same shi a gefen kai, jini ya taru a cikin ƙoƙon kansa. Ni ne Ɗayyabu mai shagon yadi a Jalan Masjid India, kuma daga hannuna ƙwallon ya fito.

Malam, mutanen gida da za su karanta wannan ba su san wasan ba, bari in taƙaita musu. Mai jifa ya jefo ƙwallo mai tauri kamar dutse, mai bugu ya doke shi da gora ya ruga da gudu. Tashoshi uku zai bi ya dawo gida kafin a ce ya ci. Mu masu tsaron fili aikinmu mu cafe ƙwallon, mu jefa wa mai tsaron tashar kafin mai gudu ya taka ta. Alƙalin wasa ne ke cewa an fitar da mutum ko ya tsira. Amma akwai wani na daban, zaune a gefen fili da littafi, shi ke yanke abin da alƙali ba ruwansa da shi: wannan tsirar, gwanintar mai bugu ce, ko kuwa kuskuren mai tsaro? In kuskure ne, na wane ne, kuma tasha nawa ya jawo? Wannan kujerar ka zauna a kai shekara tara a ƙaramar gasarmu ta ƙarshen mako, wadda muke yi da Malayawa da 'yan Filifin da Japanawa da mu 'yan ƙungiyar Gwanki.

Ni na fara kai ka filin. Ka zo karatun digiri na uku a fannin ƙididdiga, ba ka san kowa ba, ka shigo shagona neman yadin shadda, muka yi hira, na ce ka zo ranar Lahadi ka yi kallo, akwai abinci bayan an tashi. Abincin ka biyo, ka sha faɗa da bakinka. Sai ka ga wani dattijon Bajapane yana cika takarda da lambobi, ka ja kujera kusa da shi, shi ke nan muka rasa ka. Da dattijon ya tashi komawa ƙasarsu, kai ya miƙa wa littafin. Ka karance dokokin rubuta wasa kamar mai shirin jarrabawa, ka kuwa zauna jarrabawar ka ci.

Kana da wata ɗabi'a da duk gasar ta sani. Ranar wasa da fensir kake rubutu. Doka ta ba marubuci yini ɗaya da kwana ɗaya ya sake tunani a kan hukuncinsa, kai kuwa ba ka taɓa barin wannan damar ta wuce ka ba. Sai Litinin da safe, bayan ka sha shayi, za ka buɗe littafin ka bi kan fensir da biro. Abin da biro ya hau kuwa ya zauna, ko sarkin garin ne ya zo. Kuma duk wasan da ya rikice, sai ka rubuta dalilinka a gefen shafi da Hausa, da wannan ƙaramin rubutun naka mai kama da jerin tururuwa. Don haka muka laƙaba maka Na-hagu, wai kai ne mai rubuta mana zunubi. Kakan ce mu ji tsoron Allah, amma kana murmushi.

Ba mu ƙaunace ka a kan littafin nan ba, gaskiya ɗaya ce. Mun zaci tunda namu ne ke riƙe da alƙalami, mun huta. Ashe mu za ka fi matsa wa. Na tuna ranar da ƙwallo ya tashi sama tsakanin Iro, mai tsaron tsakiyar fili, da wani yaronmu na gefen hagu. Babu wanda ya yi ihu ya ce nawa ne. Suka taho a guje suka yi karo, ƙarar haɗuwar kawunansu har bakin titi. Ƙashin kafaɗar Iro ya karye, ɗayan ya tofar da haƙori biyu a kan ciyawa, ƙwallon kuwa ya faɗi tsakaninsu ko taɓa shi ba su yi ba. Bilya, mai jifanmu, ya taso yana kumfar baki, wai dole a rubuta kuskure a kan ɗayansu, don kada a ce shi aka doka. Ka ce bugu ne mai kyau, na mai bugu ne. Bilya ya ce to wautar da suka yi fa? Ka ce, "Littafin nan hannu yake hukuntawa, Bilya. Da ana rubuta wauta, da tuni takarda ta ƙare a Malesiya." Ka rufe littafin, ka ɗauki Iro a tsohuwar motarka zuwa asibiti, kuma matarka ce ta ciyar da shi har sati shida da ya yi hannunsa a rataye.

Yanzu sai in zo kan abin da na yi maka a shekarar 2022, wanda kowa ya sani amma ba a faɗa a gabana. Wasan ƙarshe ne na gasar, da 'yan Filifin. Bilya ya tashi da hannu mai kyau a ranar. Har zagaye na bakwai, wanda shi ne na ƙarshe a gasarmu, babu mutum ɗaya da ya samu bugu mai kyau a kansa. Wannan abu ne da mai jifa kan tsufa bai samu ba, kuma babu baƙar fatar da ya taɓa yin sa a gasar. Saura mutum ɗaya a fitar. Ina tsaron tasha ta uku. Mai bugu ya doko ƙwallon ta ƙasa, ya nufo ni, na durƙusa na buɗe safar hannu. Taku ɗaya kafin ya iso, ya daki bakin bututun ban-ruwa da ke ɓoye a ciyawa, ya yi tsalle ya fasa mini hanci. Na ji ƙarar ƙashin a cikin kaina. Kafin in ga gabana, mutumin ya taka tasha ta ɗaya.

Duk filin ya juya yana kallon teburinka. In ka ce kuskurena ne, tarihin Bilya na nan. In ka ce bugu ne mai kyau, ya rushe. Na taho jini yana zuba a rigata, na dafa teburin na ce, "Malam, rubuta a kaina. Error ne, ni na ce, na yarda." Ka dube ni ta saman tabarau ka ce, "Ɗayyabu, doka tambaya ɗaya take yi: mai tsaro na yau da kullum, da ƙoƙari na yau da kullum, zai kama shi? Babu wanda zai kama wannan. Ba zan ɗora maka abin da ba ka yi ba." Na ce ni nake roƙo a ɗora mini. Ka ce ai ba kyauta ba ce da za ka ba wanda ya roƙa.

Idona ya rufe. Na kifar da teburin, na shaƙo wuyan rigarka, na kai maka naushi a fuska. Tabarau ya fashe, gilashin ya tsaga maka gira. Ka faɗi, na bi ka na ƙara na biyu, na uku, sai da mutum huɗu suka ɓamɓare ni daga kanka. Jinina da naka suka haɗu a kan shafin. Na ga ka miƙa hannu kana lalube a ƙasa, na zaci tabarau kake nema, ashe fensir ne. Ɗinki shida aka yi maka, tabon kuma da shi aka binne ka. Duk duniya ban taɓa jin wanda aka doka saboda ya ƙi ɗora wa mutum laifi ba sai kai.

Shugabannin gasar sun so a kira 'yan sanda. Ka san abin da hakan ke nufi ga baƙo mai zaman biza: shagona, da iyalina, da shekara goma sha ɗaya da na yi a garin nan, duk a jirgi ɗaya za a sa su. Ka ce ba ka kai ƙara ba, ba za ka kai ba. Amma da suka ce ka rubuta rahoto, ka rubuta komai, naushi uku ka ce uku, ba ka rage ko ɗaya ba. Ka kuma rubuta cewa minti biyu kafin nan ƙwallo ya fasa mini hanci, ba a cikin hayyacina nake ba. Aka dakatar da ni shekara guda. A satin sai ga ka a ƙofar shagona, fuska a kumbure, da ledar abinci a hannu. Ka ce, "Na yo mana tapau, wato na ƙunso abinci, zo mu makan, mu ci, mai karyayyen hanci da mai fasasshiyar gira." Na ci abincin kaina a ƙasa. Na yi ta juya kalmar ban-haƙuri a bakina, girman kai irin na ɗan Fagge ya hana ta fita, sai na ce maka miyar ta yi yaji. Shekara uku ina cewa gobe zan faɗa.

Ranar Lahadi, 13 ga Yuli, muka fita wasa da safe a filin wata makaranta da muke haya. Ragar da ke kare teburinka ta yage daga gefe tun watanni, kowa ya gani, kowa ya ce mako mai zuwa. A zagaye na uku wani ɗan wasan ɗaya ɓangaren, dogo mai gudun tsiya, ya zamo cikin tashata ƙafa a sama, ƙusoshin takalminsa suka yage mini ƙwauri. Alƙali ya ce babu laifi. Na ɗaure ƙafar da tsumma, jini yana tsatsowa, zuciyata kuwa tana tafasa. A zagaye na biyar sai ga shi ya dawo bugu. Ya ɗan taɓa ƙwallon, ya gangaro a hankali ta wajena, ya ruga. Ko da na ɗauka, ya kusa isa. Na ji Bilya yana ihu, "Riƙe! Hold it, riƙe!" Na ji shi sarai. Na ware hannu na jefa da duk ƙarfin da Allah Ya ba ni, kuma har yau ban iya rantsuwa ko tashar na nufa ko gadon bayan mutumin.

Ƙwallon ya wuce mai tsaron tasha ta ɗaya da kamu biyu, ya bi ta yagar raga. Kanka a sunkuye kana rubutu. Ya same ka tsakanin ido da kunne, da wata ƙara kamar an fasa kwakwa. Kujerar ta kife da kai. Na iso a guje, na tarar har ka tashi zaune kana kakkaɓe wando. Babu jini, sai ɗan kumburi. Muka ce a tafi asibiti, matar wani Bajapane da take aikin jinya ta roƙe ka har sau uku. Ka ce, "Boleh lah, ba komai, saura zagaye biyu." Ka dube ni ka ce in koma wurina ana jirana. Alƙali ya tura mai gudun tasha ta biyu saboda ƙwallon ya fita fili, aka ci gaba da wasa. Na koma na tsaya, ina waiwayenka, kana ta rubutu.

Bayan azahar muna zaune a shagon mamak, wato gidan abincin Indiyawa Musulmi, da muka saba a Brickfields, an kawo maka shayi. Ka ce kanka yana sarawa. Ka ɗaga kofin ya suɓuce. Ka kira sunana, harshenka ya karye, sunan ya fito a tauna. Sai amai, sai jikinka ya sandare, ka zame daga kujera kana fizga, dugaduganka suna dukan siminti. Ni na riƙe kanka a cinyata har motar asibiti ta zo, ido ɗaya a buɗe yana kallona, ba ya ganina. Likitoci suka buɗe ƙoƙon kan suka zuƙe jinin, suka ce an makara da awa uku. Ba ka farfaɗo ba. Ka cika da safiyar Litinin, daidai lokacin da ka saba zama da biro.

Tun daga makabarta mutane suke rungume ni suna cewa ƙaddara ce, ba laifinka ba ne. Na san ƙaddara ce, ni ma Musulmi ne. Amma duk wanda ya ce mini babu hannuna a ciki, sai in ji kamar in shaƙe shi, domin ina wurin, na ji ihun Bilya, na san abin da ke zuciyata lokacin da na ware hannu. Wasu kuma in na shigo masallaci sai su matsa. A idonsu na karanta cewa wanda ya fara da naushi ya ƙarasa da jifa. Na koma shago na rufe ƙofa, na yi ta dukan bango har yatsuna biyu suka goce. Ban san nawa ne nawa a cikin mutuwar nan ba, duka ne ko babu, kuma mutum ɗaya da na san zai gaya mini gaskiya ba tare da ya ji tausayina ko ya ji haushina ba, shi na kashe. Shugabannin gasar suka aiko cewa za su soke wasan gaba ɗaya, a cire shafin, kamar ba a yi ba.

Ranar uku na kasa shiga gidanka. Ina tsaye a ƙasan bene sai aka ce Maman Ihsan tana kirana. Na hau kamar mai zuwa wurin yanka. Tana zaune a bayan labule, ta turo littafin ta ƙasa, da biro a kai. Ta ce, "Malam Ɗayyabu, sun zo wai in ba su su yage shafin. Na ce a'a. Buɗe ka karanta."

Na buɗe. Ga zagaye na biyar da fensir. A gurbin mutumin ka rubuta alamar bugu mai kyau, wato tasha ta ɗaya tasa ce, ko na jefa ko ban jefa ba ya riga ya tsira. Daga nan zuwa ta biyu ka sa alamar kuskure da lamba biyar, lambar mai tsaron tasha ta uku, wato ni. A gefen shafin kuma ga tururuwarka: "Ɗayyabu ya yi jifa cikin fushi, da riƙewa ya yi. Kuskure nasa ne. Tasha ɗaya ya jawo, ita na rubuta, bai wuce haka ba." Daga ƙasan wannan layin rubutun ya fara karkacewa. A zagaye na shida lambobin sun fita daga gidajensu, a na bakwai da ƙyar ake gane su, amma babu gurbi ɗaya da ka bari fanko. Jini yana taruwa a kanka, kana cika wa mutane littafinsu.

Na zauna a ƙasa na yi kukan da ban yi a makabarta ba. Ashe ka gani. Kanka a sunkuye, amma ka ga fushin, ka kira shi da sunansa, ba ka ɓoye mini ba. Shekara uku da suka wuce na roƙe ka da naushi ka rubuta mini kuskure ka ƙi, ranar da na yi shi kuwa ba sai da na roƙa ba.

Maman Ihsan ta bari na yi shiru, sannan ta ce, "Ni ba zan ce maka ba ka yi komai ba, tunda shi bai ce ba. Ba kuma zan ƙara maka a kan abin da ya rubuta ba. Wanda ya rubuta ɗin na yafe, yaran ma sun yafe, na kira Hajiya a Ringim ta ce ta yafe. Sauran tsakaninka da Allah ne. Amma ka san shi, ba ya barin wasa a fensir."

Na tambayi malamai, sun ce wanda rai ya salwanta ta hannunsa ba da nufin kisa ba, akwai azumin wata biyu a jere a kansa. Na fara, yau ina na tara. Bilya da Iro sun sayo sabuwar raga sun ɗaure, aikin da bai ci awa ɗaya ba. Ni dai na ajiye safar hannu, ba na jin zan sake ɗaukarta.

Malam Abdulgani, ka yi haƙuri. Ka yi haƙuri da naushi ukun nan, ka yi haƙuri da jifan. Na faɗa yanzu, a inda kowa zai gani, tunda na kasa faɗa a inda kai za ka ji.

Ya Allah, ga bawanKa ya zo maKa. Mun shaida bai taɓa ɗora wa wani abin da bai yi ba, bai kuma ɗauke wa wani abin da ya yi don son rai ba. Ka yi masa hisabi mai sauƙi, Ka ba shi littafinsa a hannun dama, Ka shafe abin da ke ciki na kuskure da rahamarKa. Ka yalwata kabarinsa a wannan ƙasa ta baƙunta, Ka haskaka shi, Ka sa Aljannar Firdausi ce makomarsa. Ina miƙa ta'aziyyata, in har ta cancanci karɓa daga bakina, ga Hajiya mahaifiyarsa da dangi a Ringim, da Maman Ihsan, da Ihsan da Ulfa, da ɗalibansa, da duk wanda ya taɓa tsayawa a filin nan. Allah Ya ba ku haƙurin da ya fi ƙarfin abin da na jawo muku, Ya raya yaran nan a kan gaskiyar ubansu. Mu kuma Ya sa mu cika da imani.

Littafin ya yi kwanaki a wurina kafin in iya. Ranar Litinin da safe na zauna a shago kafin in buɗe ƙofa, na ɗauki biron da yatsuna masu ɗauri, na bi kan fensirinka tun daga zagaye na farko. Da na iso na biyar hannuna ya tsaya, na daɗe ina kallon lambar. Sannan na bi ta a hankali, yadda ka rubuta ta, ban ƙara ba, ban rage ba.